'Yata ta kama yaren cikin wata 8, ni har yanzu ina lalube: shekaru ne suka hana ni?

Wata baiwar Allah ce ta yi tambayar. Aiki ya kai iyalinta wata ƙasa da ba su jin yarenta. Ita shekararta 38, tana da 'ya mai shekara 6 da ɗa mai shekara 13. Cikin wata 8 ƙaramar ta kama yaren har ba a rabe ta da 'yan ajinsu, babban yana fama amma yana gaba, ita kuwa duk da darasin da take zuwa sau biyu a mako, da zarar an yi mata magana da sauri sai kanta ya ɗaure. Wasu sun ce mata ta haƙura, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wata malamar yaran kuma ta ba ta shawarar su daina Hausa a gida, wai kada yaran su rikice. Tana son jin gaskiyar maganganun nan biyu.

'Yar'uwa, maganar farko tana da ƙamshin gaskiya, amma an yi mata ƙari. Ta biyun kuwa kuskure ce, kuma ita ta fi damuna, domin ɓarnarta ba ta fitowa fili sai an yi shekaru, lokacin da gyara ya yi wuya. Na daɗe ina koyar da harshe, manya da yara, zan faɗa miki abin da bincike ya tabbatar da abin da idona ya gani a aji.

Kafin mu ɗora wa shekaru laifi, mu yi lissafi tukuna. 'Yarki tana yini a makaranta, a ce awa 6 a rana, kwana 5 a mako. Awa 30 ke nan a mako yaren yana shiga kunnenta, ban da wasa da 'ya'yan maƙwabta da kallon talabijin. Cikin wata 8 ta tara kusan awa 1,000. Ke kuma darasi biyu ne, a ce kowanne awa 2. A watannin nan 8 ba ki kai awa 150 ba, kuma a cikin ajin ma da yawan abin da kike ji daga bakin 'yan'uwanki ɗalibai yake fitowa, waɗanda su ma laluben suke yi. Sannan ki duba abin da ake nema a wurin kowaccenku. Yarinya mai shekara 6, in ta iya "ba ni", "ni ce farko", "zo mu yi wasa", "malama, ya doke ni", shi ke nan, kowa zai ce ta iya yare. Ke kuwa ana so ki yi wa likita bayanin ciwo, ki cike takardar hukuma, ki gane abin da aka faɗa miki ta waya ba tare da kin ga bakin mai maganar ba. Ba da ma'auni ɗaya ake auna ku ba.

In aka daidaita awoyin, sai a ga babba ya fi yaro sauri. A 1978 Catherine Snow da Marian Hoefnagel-Höhle sun fitar da sakamakon bin sawun masu jin Ingilishi da suka koma Holan, tun daga 'yan shekara 3 har manya, ana gwada su lokaci-lokaci cikin shekararsu ta farko. A watannin farko 'yan shekara 12 zuwa 15 da manya ne a gaba. Da shekara ta zagayo, 'yan 8 zuwa 10 da 'yan 12 zuwa 15 suka fi kowa, su kuwa 'yan 3 zuwa 5, waɗanda ake ɗauka su ne gwanaye, su aka bari a baya. A Basalona ta ƙasar Sifen kuma, Carmen Muñoz da abokan aikinta sun shafe shekaru suna kwatanta ɗaliban da suka fara Ingilishi a aji suna da shekara 8 da waɗanda suka fara suna da 11. Bayan kowane ɓangare ya sami adadin awoyi ɗaya, waɗanda suka fara da ɗan girmansu ne suka fi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babba ya iya karatu, ya san yadda ake riƙe abu a ka, ana iya faɗa masa ƙa'ida cikin minti biyar ya gane abin da yaro zai yi wata da watanni yana tsinta a cikin magana. Iyayen da ke ɗokin sa ɗan shekara 4 a darasin baƙon harshe na awa ɗaya a mako su ma su ji wannan: baiwar yaro ba ta aiki da ɗan abin da ake tsakura masa, sai yaren ya kewaye shi safe da yamma.

To ina gaskiyar maganar da aka faɗa miki? Tana cikin kunne, kuma abin yana farawa da wuri fiye da yadda ake zato. Jariri yana zuwa duniya da kunnen da ke rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba. Janet Werker da Richard Tees sun nuna haka a Kanada a 1984. Sai a zaunar da jariri a cinyar uwarsa, lasifika tana ta maimaita sauti ɗaya, can sai a sauya shi da wani mai kama da shi. In jaririn ya waiwaya, wata 'yar tsana ta haskaka ta motsa, da haka yake koyon waiwayawa duk sanda ya ji canji. Suka gwada jariran gidajen masu jin Ingilishi da wasu "t" guda biyu na harshen Hindi, waɗanda a kunnen Bature sauti ɗaya ne. 'Yan wata 6 zuwa 8 yawancinsu sun ji bambancin. 'Yan wata 10 zuwa 12 kaɗan ne suka ji. Wato tun kafin bakin yaro ya buɗe, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta zaɓi sautukan da za ta kula da su, ta fara kau da kai daga sauran.

Mu ma muna ganin wannan. Baƙon da ke koyon Hausa da girmansa zai rantse "kafa" da "ƙafa" abu ɗaya ne, "baki" da "baƙi" ma haka. Ba harshensa ne ya gaza ba, kunnensa ne bai ji ba tukuna. Mu kuma in muka zo kan "p" da "f" na Ingilishi, ko haruffan maƙogwaro na Larabci, haka muke. Babba yana tace sabon harshe ne da rariyar tsohon: abin da ya dace da ramukanta ya wuce, saura ya maƙale. Shi ya sa in kin ce suna magana da sauri, sau da yawa ba saurin ba ne. Kunnenki ne bai riga ya san inda kalma ke ƙarewa wata ta fara ba, sai jimla ta zo miki a dunƙule. Kuma wannan yana gyaruwa. A 1991 masana a Jami'ar Indiana ta Amurka sun horar da Japanawa manya su rarrabe "r" da "l" na Ingilishi, ta hanyar jiyar da su kalmomi masu kama da juna daga bakin mutane daban-daban, ana faɗa musu nan take in sun dace ko sun kuskure. Cikin 'yan makonni kunnensu ya ƙara kaifi. Sai dai ba zan ɓoye miki ba: mafi yawan waɗanda suka fara harshe bayan balaga, karin harshensu na farko yana bin su har tsufa. 'Yarki za ta yi magana kamar a can aka haife ta, ke kuwa da kin buɗe baki za a san daga wani wuri kika zo. Wannan ba aibi ba ne, kuma ba shi ke hana fahimta ba.

Nahawu ma shekaru suna taɓa shi, amma sannu a hankali. Eric Lenneberg ne ya yaɗa ra'ayin nan a 1967, cewa akwai wani zango tsakanin ƙuruciya da balaga da ƙwaƙwalwa ke ɗaukar harshe da kanta. A 1989 Jacqueline Johnson da Elissa Newport suka gwada mutum 46 'yan asalin Sin da Koriya da suka daɗe a Amurka. Waɗanda suka iso suna da shekara 3 zuwa 7 sun yi daidai da haifaffun ƙasar, daga nan maki ya yi ta sauka har zuwa balaga. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: a cikin waɗanda suka iso da girmansu, sakamakon ya warwatsu, wani ya yi kyau ƙwarai, wani ya yi rauni, ba lallai wanda ya fi ƙuruciya ya fi ba. A 2018 Joshua Hartshorne da Joshua Tenenbaum da Steven Pinker suka tattara amsoshin mutum kusan 670,000 ta wani gwajin nahawun Ingilishi a intanet. Lissafinsu ya nuna ƙarfin koyon nahawu yana nan daram har wajen shekara 17 kafin ya fara raguwa, kuma mai son ya zama tamkar ɗan gida gara ya fara kafin shekara 10. Masana suna ta jayayya a kan ainihin lambobin. Abin da nake so ki lura shi ne, duk waɗannan gwaje-gwajen suna auna wanda ya kai matsayin haifaffen ƙasa ne, wanda ko ƙaramin kuskure ba ya kuɓuce masa. Ke ba shi kike nema ba. Kina neman ki ji, a ji ki, ki karanta, ki yi aiki, ki yi ƙawaye. Wannan miliyoyin mutane sun same shi suna da shekara 40 da 50 da 60.

Hanyar ce ta bambanta. A shekarar 2000 Robert DeKeyser ya gwada 'yan Hangari 57 mazauna Amurka, ya ga cewa a cikin waɗanda suka iso da girmansu, waɗanda suka yi zarra su ne masu kaifin gane tsarin magana, masu iya duban jimla su kwance ta su ga yadda aka ɗaura. A wajen waɗanda suka iso suna yara wannan kaifin bai raba kowa da kowa ba. Yaro yana tsintar harshe ba da saninsa ba, babba yana koyonsa ido buɗe. Shi ya sa tallar nan ta "koyi yare kamar jariri, ba ruwanka da nahawu" take ɓata mini rai, domin tana sa babba ya jefar da makamin da ya fi yaro da shi. Akwai wata 'yar Birtaniya da Georgette Ioup da abokan aikinta suka yi nazari a kanta a 1994, suka kira ta Julie. Ta koma Alƙahira tana da shekara 21 bayan ta auri ɗan Masar, ba ta shiga ajin Larabci ba, amma ta riƙe littafin da take rubuta abin da ta ji da gyaran da aka yi mata. Bayan shekara 26 a can aka jiyar da Misirawa muryarta, da yawansu suka ɗauka tasu ce. Irinta ba su da yawa, amma ki dubi abin da ta haɗa: yaren ya kewaye ta kamar yaro, ta kuma riƙa lura kamar babba.

Don haka ki ƙara awoyin, amma da abin da kike ganewa. Stephen Krashen ya daɗe yana nanata cewa harshe yana shiga ne ta maganar da mutum ya fahimta, wadda ta ɗan ɗara matsayinsa kaɗan. Rediyon da ke ta zuba ba ki tsintar komai, hayaniya ce kawai. Littattafan da 'yarki ke kawowa daga makaranta sun fi miki amfani a yanzu, da shirye-shiryen yara, da labaran da kin riga kin ji da Hausa kafin ki saurare su da yaren. Ki kuma san kalmomi ba darajarsu ɗaya ba. A Ingilishi, kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su suna ɗauke da wajen kashi 80 cikin 100 na rubutu, a hira ma fiye da haka. Paul Nation na Niyu Zilan ya lissafa cewa karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus ba yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Tafiyar da nisa, amma dubu biyun farko su ne ke buɗe hira, su za ki sa a gaba.

Ji kaɗai kuma bai isa ba. A 1965 aka fara wani tsari a St. Lambert kusa da Montreal ta ƙasar Kanada, inda ake koya wa yara masu jin Ingilishi darussansu da Faransanci. Bayan shekaru, a fannin ji da karatu sun kusa kamo masu harshen, amma in suka buɗe baki ko suka ɗauki biro, nahawunsu da sauran gyara. Merrill Swain ta yi bayanin dalilin a 1985: mai sauraro yana iya cike giɓi da hasashe, ya gane ma'ana ba tare da ya kula da yadda aka gina jimlar ba, mai magana kuwa dole ya zaɓi kalma ya jera ta, a nan yake gano abin da bai iya ba.

A nan ne manya suka fi faɗuwa, kuma ba ƙwaƙwalwa ce ke kayar da su ba. Na sha ganin babba a aji, an yi tambaya, ya san amsar, laɓɓansa suna motsi yana shirya jimlar a zuci, ya gyara, ya sake gyarawa, kafin ya gama an wuce wurin. Ya fito yana cewa kansa ba ya ja. Kansa lafiya lau, mutuncinsa yake karewa. Mutumin da in yana magana da harshensa ake yin shiru a saurare shi, mai hikima da barkwanci, a sabon harshe ya koma yana haɗa kalma biyu da ƙyar. Abin da ciwo, ban raina shi ba. Amma 'yarki ta yi kuskure dubbai kafin ta kai inda take, ba wanda ya ƙirga, ita ma ba ta ƙirga ba. Ki nemi mutum ɗaya wanda ba ki jin nauyinsa, maƙwabciya ko uwar wata ƙawar 'yarki, ku riƙa zama ko na rabin awa ne, a kai a kai. Ki roƙe ta ta riƙa gyara miki abu ɗaya tak a kowane zama, domin gyaran komai a lokaci guda yana kashe magana, rashin gyara sam kuma yana sa kuskure ya zauna a baki. Larry Selinker ya bayyana tun 1972 cewa maganar mai koyo tana da nata tsarin, tana bin matakai, kurakuranta ba shirme ba ne. Richard Schmidt kuma, da yake koyon harshen Fotugal a Burazil yana rubuta abin da ke faruwa da shi kullum, ya tarar abubuwan da suka shiga bakinsa su ne waɗanda ya lura da su a bakin mutane. Waɗanda suka yi ta wuce kunnensa bai ankara ba, ba su zauna ba.

Wajen riƙe kalmomi, abu biyu ne tabbatattu. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna mantuwa ta fi sauri a awoyi da kwanakin farko, saboda haka minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar hutu. A 2008 kuma Jeffrey Karpicke da Henry Roediger suka ba ɗalibai kalmomin Suwahili 40. Waɗanda aka ci gaba da tambayarsu suna ciro amsa daga ka sun tuna wajen kashi 80 cikin 100 bayan mako guda, waɗanda aka daina tambayarsu kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku kawai suka tuna, ko da sun ci gaba da duba takardar. Ki rufe littafin ki tambayi kanki. Manhajojin waya suna da amfani a wannan ɓangaren, amma ba su maye gurbin mutum. Domin kada ki yanke ƙauna da wuri: makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka a wani lissafinta na baya ta ware wa mai jin Ingilishi awa 600 zuwa 750 na aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, Larabci da Sinanci da Japananci da Koriyanci kuwa awa 2,200. Waɗannan mutane ne da koyon ya zama aikinsu na yini. Ki gwada da awoyinki 150.

Yanzu yaran. Ƙila kin lura a makonnin farko 'yarki ta yi tsit a makaranta. Yara da yawa haka suke yi, wasu har watanni, suna sauraro. Daga nan sai su fara ɗauko jimloli sukutum. Lily Wong Fillmore ta bi yara 5 masu jin Sifaniyanci a Kalifoniya tsawon shekarar karatu a shekarun 1970, wadda ta fi su nisa wata ce da aka kira Nora, mai kutsawa cikin wasan yara masu jin Ingilishi. Takan ɗauki jimla guda, irin "yaya ake yin wannan", ta yi ta jefa ta ko'ina, daga baya ta fara kwance ta tana ɗora wasu kalmomi a kan rabinta. Wannan dabarar ke ma za ta yi miki aiki. Amma kada zaƙin bakin 'yarki ya ruɗe ki. Jim Cummins, bayan nazarin 'ya'yan baƙi a makarantun Kanada, ya nuna yaren wasa da hira yana samuwa cikin kamar shekara 2, yaren karatu kuwa, na littafin kimiyya da tambayar jarrabawa, yana cin shekara 5 zuwa 7. Yaro yana iya zuba kamar ɗan gida alhali bai gane tambayar lissafin da aka rubuta da kalmomi ba, sai a ce ba ya ja. Ɗanki mai shekara 13 shi ya fi buƙatar a tsaya masa, domin darussansa sun yi nauyi, ga shi a shekarun da dariyar abokai take da zafi. Amma yana da jari: ya iya karatu, ya san lissafi da kimiyya da wani harshe, suna kawai zai sauya musu.

Wannan ne ya kawo mu ga shawarar malamar. Tsohon ra'ayi ne, tun farkon ƙarnin da ya wuce ake cewa harshe biyu yana dagula kan yaro, bisa gwaje-gwajen da aka yi wa 'ya'yan baƙi matalauta da harshen da ba su gama ji ba. A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka gwada 'yan shekara 10 a Montreal, suka kula da daidaita matsayin gidajen da yaran suka fito, sai ga masu harshe biyu ba su gaza ba, har sun fi a gwaje-gwaje da yawa. Ba na cikin masu cewa harshe biyu yana mayar da yaro haziƙi, wannan maganar har yau ana taƙaddama a kanta. Amma cewa yana rikita shi, wannan an daɗe da rufe babinsa. In kin ji 'yarki ta cusa kalmar can a cikin jimlar Hausa, ba ruɗewa ta yi ba. Kalmar da ta fi kusa da bakinta ta ɗauko, kuma ta san ke za ki gane. Ki lura, ba ta yi wa malamarta Hausa.

Harshen gida ma tallafa wa na makaranta yake yi. Yaron da ya san ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, ya san kawo dalili, ya san tambaya, da wane harshe ya koya ba shi ne abin dubawa ba, zai ƙetare da su. A 1970 Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koyar da yara duk darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara 6, Ingilishi yana darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, a wasu darussan ma sun fi su. In kuka daina Hausa, me za ku ba yaran a madadinta? Yaren da ke kanki kike lalube a cikinsa. Hira za ta koma umarni: ci, tashi, kwanta. Nasiha da tatsuniya da wasa da rarrashi duk su tafi, alhali yaren can ba ya buƙatar taimakonki, makaranta da titi da talabijin sun ishe shi.

Wanda ke cikin haɗari shi ne harshenku. Yaro yana saurin kamawa, yana kuma saurin saki. A 2003 Christophe Pallier da abokan aikinsa suka gwada wasu manya 'yan asalin Koriya da iyalan Faransawa suka ɗauka riƙo suna da shekara 3 zuwa 8. Aka jiyar da su jimlolin Koriyanci a cikin na wasu baƙin harsuna, ba su iya tsamo su ba. Harshen da wasunsu suka yi shekara 8 suna yi. Ke ko shekara 30 kika yi ba ki ji Hausa ba, ba za ta bar ki ba, amma a bakin 'yar shekara 6 ba ta gama kafuwa ba. Annick De Houwer ta tattara bayanan iyalai kusan 1,900 a Beljiyam waɗanda ake wani harshe a gidajensu ban da na gari, ta tarar wajen ɗaya cikin huɗu na yaran ba su yin harshen gidan. Inda ya fi tsira shi ne inda uwa da uba duka suke yin sa. Na ga ƙarshen wannan da idona: yarinya ta girma, kakarta ta kira a waya, ta karɓa ta ce "lafiya lau", ta tsaya, ta miƙa wa uwarta wayar. Uwar ma in magana ta yi zurfi tsakaninsu, ta kuka ce ko ta aure, sai su rasa harshen da dukansu suka mallaka.

Saboda haka ku ci gaba da Hausa a gida, ke da maigidan, da gangan. Ranar da 'yarki ta fara ba ki amsa da yaren can, kuma ranar tana zuwa, kada ki yi mata faɗa ko dariya, kada kuma ki bi ta. Ki maimaita abin da ta faɗa da Hausa, ki ci gaba da hirar. Ki sama mata mutanen da ba ta da hanyar yi musu magana sai da Hausa, kakanni da 'yan'uwa ta kiran bidiyo, da yara sa'anninta in akwai. Ki koya mata karanta ta da rubuta ta. Kallo kaɗai ba ya wadatarwa, musamman ga ƙanana: a 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta sa an yi wa jarirai 'yan wata 9 wasa da Sinanci sau 12, suka riƙe sautukansa, waɗanda aka nuna wa mutanen nan a bidiyo kuwa ba su ɗauki komai ba. Naki darasin yaren can ki yi shi a waje, da maƙwabta da aji. In kina so 'yarki ta taya ki, ku ware lokaci sananne, kamar lokacin karanta littafin makarantarta, in an rufe littafin a koma Hausa. Kada kuma ki mayar da ita tafintarki a asibiti ko ofis, nauyin ya fi ƙarfin yaro.

Abu ɗaya ne zai sa ki nemi likita. In yaro yana baya a sabon yaren kaɗai, lokaci yake buƙata. In kuwa yana baya a duka biyun, Hausarsa ma ba ta kai ta sa'anninsa ba, ko ana kiransa ba ya waiwayowa, to a fara da gwajin ji, sannan a ga masanin matsalar magana, kuma a tabbata an auna shi da harsunan biyu. Ko an sami matsalar, ba a magance ta da cire harshen gida.